PRP: Jam'iyyar Talakawa Da Ba Ta Wuce Kano Da Kaduna Ba

Duk lokacin da aka kaɗa gangar siyasa a Arewa, sai an ji 'yan takara suna rige-rigen cewa su ne magadan Malam Aminu Kano. Amma jam'iyyar da shi Malam ɗin ya bari, wato PRP, kusan babu mai waiwayar ta.

Asalin PRP yana komawa ne ga NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, don yaƙar zaluncin En'e da haraji da aikin tilas. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri a hannun 'yan doka da alƙalan sarakuna, kuma duk da wannan wahala kujeru 8 kacal suka samu a zaɓen tarayya na 1959, alhali NPC ta kwashe fiye da 130.

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, sai Malam ya fito da PRP mai alamar ɗan mabuɗi. A zaɓen 1979 ta ci gwamnan Kano da Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Balarabe Musa, a lokacin da Jigawa ke cikin Kano, Katsina kuma ke cikin Kaduna. Gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali, abin da talaka bai manta ba har yau. To amma a zaɓen shugaban ƙasa, Kano ce kaɗai Malam ya ci, da kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya.

Haƙiƙa NPN ta yi wa PRP illa, domin 'yan majalisarta da ke da rinjaye a Kaduna sun hana Balarabe naɗa kwamishinoni, daga ƙarshe suka tsige shi a watan Yunin 1981. Sai dai babbar ɓarakar daga cikin gida ta fito. Gwamnonin biyu suka dage da halartar taron gwamnoni tara na 'yan adawa duk da hanin uwar jam'iyya, aka dare gida biyu, 'yan Taɓo tare da Malam, 'yan Santsi tare da gwamnoni. Mutanen da suka kwana kurkuku ɗaya a zamanin NEPU suka koma zagin juna a dandali! Malam ya rasu a watan Afrilun 1983, Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya riƙe wa PRP Kano na wata uku kawai kafin juyin mulkin 31 ga Disamba.

Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, PRP ba ta sake cin gwamna ko ɗaya ba. A 2023 ɗan takararta na shugaban ƙasa, Kola Abiola, bai samu ƙuri'a dubu 100 ba, a Kano kuwa jam'iyyar NNPP ce ta kwashe ƙuri'un da a da ake kira na Malam.