Lambun Masallaci: Tanadin da Bagudo Ke Buƙata Tsakanin Kogi da Iyaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa, da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Allah Ya yi wa ƙasar Bagudo ni'imomi biyu da garuruwa da yawa ba su samu ba: Kogin Neja da fadamunsa, da kuma iyaka da Jamhuriyar Benin wadda ke ciyar da kasuwannin Lolo da Tsamiya da Illo. A kan waɗannan biyu mafi yawan gidajenmu suka dogara, wani da shinkafa da su, wani da fatauci. Sai dai shekarun baya-bayan nan sun nuna mana cewa kowanne daga cikinsu yana iya juya mana baya a dare ɗaya.

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Mai injin ban ruwa a bakin iyaka ya san abin da wannan ya jawo masa. A daminar 2020 ambaliya ta shafe dubban kadada na shinkafa a Jihar Kebbi. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, fataucin yankin gaba ɗaya ya rikice. A cikin waɗannan babu wanda aka nemi shawarar magidancin Ka'oje ko na Zagga kafin ya auku, amma tukunyarsa ce ta fara shaidawa.

Ra'ayina shi ne, kowane masallacin Juma'a da kowace babbar Islamiyya a wannan ƙasa ta kamata ta mallaki lambu na waƙafi, wanda jama'ar unguwa za su noma tare da rani, su ci, su sayar, su ciyar da mabuƙatansu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addini. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabin Allah da ya tsara noman shekara bakwai da ajiyar hatsi a zangarniyarsa domin shekarun fari, kuma tawakkalinsa bai ragu da komai ba saboda wannan tsari. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi. Asalin waƙafi kuwa ƙasar noma ce: Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya samu fili a Khaibara, Manzon Allah (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalin ya sadaukar da amfanin, sai ya shardanta kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada. Sayyidina Usman kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Fili da ruwa ke nan, su ne kuma jarin lambu. Mu a yau mun taƙaita waƙafi ga bulo da kwano da lasifika, har ka ga unguwa ɗaya da masallatai huɗu, amma marayun cikinta suna cin tuwo da miyar da babu ganye.

Wanda yake ganin zancen mafarki ne, to ya leƙa maƙwabtanmu. A gundumar Kalale da ke arewacin Benin, kudu da Segbana, a shekarar 2007 wata ƙungiya mai suna Solar Electric Light Fund tare da ƙungiyar ci gaban yankin suka kafa lambuna a ƙauyukan Bessassi da Dunkassa. Kowane lambu rabin kadada ne, famfo mai aiki da hasken rana yana ɗaga ruwa zuwa tanki, ruwan kuma yana bin siraran bututu yana ɗiga a gindin kowace shuka. Ƙungiyoyin mata ne suke nomawa, kowace mace da nata kwami. Binciken da Jennifer Burney da abokan aikinta na Jami'ar Stanford suka wallafa a 2010 ya nuna cewa lambu ɗaya yana ba da kusan tan 1.9 na kayan lambu a wata, matan suna ajiye kusan kashi 18 cikin ɗari domin gidajensu, su sayar da sauran. Ƙasarsu ba ta fi tamu albarka ba, ranar da ke fito musu ita ke fito mana, kogi kuma mun fi su kusa da shi. Abin da suka fi mu shi ne tsari.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko zai ce alayyafo da tumatir ba sa maye gurbin buhun gero. Gaskiya ne, lambu ba rumbu ba ne. Amma a duba inda kuɗin cefane ke tafiya kullum: albasa, tattasai, attaruhu, tumatir, kuɓewa. Gidan da ya huta da sayen waɗannan na wata huɗu ya sami abin ƙara mudu. Sannan yaron da ke cin zogale da rama da yakuwa jikinsa ba ɗaya yake da wanda ke cin tsurar hatsi ba, musamman mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye.

Na biyu zai ce kayan jama'a ba su da mai su, yau an fara da kabbara gobe an ƙare a gaban alƙali. Wannan ita ce babbar barazana, kuma maganinta yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. A rubuta waƙafin da iyakokinsa, magadan mai bayarwa su sa hannu tun yana raye, hakimi da mai unguwa su shaida. Kada liman ya riƙe kuɗi. A naɗa ma'aji da magatakarda, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowace kaka. A raba filin kwami-kwami, kowane gida ya san nasa, domin abin da aka ce na kowa ne shi ake bari ya bushe. Rijiya da shinge da iri su ne na tarayya. A kuma kiyaye wani hukunci: kuɗin da aka tara da sunan gini ko gyaran masallaci ba ya halatta a karkatar da shi zuwa lambu ba da iznin masu bayarwa ba, saboda sharaɗin mai waƙafi abin kiyayewa ne. A buɗe wa lambu asusunsa daban.

Na uku zai ce dabbobi za su cinye, rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi. Shi ya sa shinge ke gaba da shuka, kuma shi ya sa ba za a kafa lambu a kan burtali ko mashaya ba. A sa ardo cikin kwamiti tun ranar farko. Makiyayi yana da taki, mai lambu yana da harawa da ragowar ganye. Wannan musaya kakanninmu sun san ta tun kafin zuwan takin zamani.

Na huɗu zai ce sola tana da tsada. Haka ne, amma ba dole a fara da ita ba. A fadama ruwa yana kusa, rijiya da guga da gayyar matasa sun isa a fara da ƙaramin fili. Ruwan alwala da ke malala a bayan masallatanmu sau biyar a yini, in aka raba hanyarsa da ta bayan gida, ya isa ya rayar da layin zogale da gwanda da lemo. Idan jama'a suka ga amfanin shekarar farko, adashin sayen famfo ba zai yi wuya ba. Kuma tun da kowa kan girbe tumatir a lokaci ɗaya farashi ya faɗi, a koya wa yara yanka shi a shanya ya zama kauɗa, a busar da kuɓewa da ganye domin damina.

Ɗalibai su lura da wata mas'ala. A mazhabar Imam Malik babu zakka a kan ganyaye da ɗanyun kayan lambu, saɓanin Imam Abu Hanifa da ya wajabta ta a kan abin da ƙasa ta fitar. Rashin wajabcin zakka bai ɗauke haƙƙin maƙwabci ba. Saboda haka a rubuta cikin takardar waƙafi wani kaso sananne na marayu da zawarawa da tsofaffi da almajiran tsangayar unguwa, kuma a ba mata gurbinsu na noma cikin sutura da mutunci, domin su ne suka san abin da tukunya ta rasa.

Gwamnati tana da nata nauyin na hanya da tsaro da madatsun ruwa, kuma ba za mu daina tunatar da ita ba. Amma buɗe iyaka da rufe ta ba a hannunmu yake ba, cikar kogi ma haka. Abin da ke hannunmu shi ne fegin da ke kwance bayan masallaci, da matasan da ke zaune a bakin titi da rani, da attajirin da ke neman sadaka mai gudana. Ina kira ga limamai su ɗauki wannan batu a huɗuba kafin ruwa ya janye daga fadama, masu filaye kuma su tuna cewa gonar da aka bayar domin Allah ita ce kaɗai ba a raba ta ranar rabon gado.

Allah Ya sa albarka a ƙasarmu da ruwanmu, Ya kare mu daga yunwa da tsoro. Allah ne Mafi sani.