Ba tsufa kaɗai ke zubar da haƙoran iyayenmu ba

Duk gidan da ke da tsoho mai ciwon suga a Tudun Wada ya haddace dokokin: a rage zaƙi, a kiyaye ƙafa kada ta ji rauni, a auna jini, a duba ido. Amma da wuya ka ji an ce a duba bakin Baba. Idan dasashinsa na jini lokacin asuwaki, ko haƙori ya fara girgiɗi, sai a ce ai tsufa ne, ko amosanin baki, a sayo maganin kashe zafi a kemis a rufe zancen.

Wannan sakaci ne, kuma tsofaffinmu ke ɗanɗana kuɗarsa. Tun 1993 masanin haƙori Harald Löe ya kira ciwon dasashi illa ta shida cikin illolin ciwon suga. Mai ciwon suga, musamman wanda sugansa ba ya daidaita, ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da shi kusan sau uku. Yawan suga a jini yana raunana garkuwar jiki, yawu ya ragu, baki ya bushe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama har su cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori. Kumburin dasashin kuma sai ya hana insulin aiki sosai, sugan ya ƙara hawa.

Ku lura da kwanon tsohuwar da turamenta suka zube. Likita ya ce ta riƙa cin wake da kwaɗon zogale da rama, ita kuwa ba ta iya taunawa. Nama sai dai ta tsotsa ta ajiye a gefen kwano. Sannu a hankali ta koma koko da fura da burodin da aka jiƙa a shayi, wato ainihin abincin da ke tayar mata da ciwon. Idan ta rame sai mu ce suga ya ci ƙarfinta, alhali daga baki matsalar ta faro. Ga kuma kunya: dattijo ya daina zaman majalisa bayan La'asar saboda warin baki, tsohuwa na rufe baki da gefen mayafi kafin ta yi dariya a gidan suna.

Abin farin ciki, akwai mafita. Bincike ya nuna cewa wanke dasashi a wurin likitan haƙori yana rage awon suga na wata uku da kimanin kashi 0.4, ragin da likitoci ba sa rainawa. Don haka nake kira ga Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke nan unguwarmu, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, su mayar da duba baki ƙa'ida a duk ranar ganin masu ciwon suga. Ma'aikacin da ya duba ƙafa ya ce a buɗe baki, wanda ke da matsala a tura shi sashen haƙori. Hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA kuma ta tabbata wankin dasashi na cikin abin da inshorar tsofaffi ke ɗauka.

Sauran aikin namu ne, 'ya'ya da jikoki. Asuwaki sunna ce da muka gada, a riƙe shi, a haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki safe da dare. Mai haƙoran roba ya cire su kafin barci ya wanke. Kada a bar mai cire haƙori na kasuwa ya taɓa bakin mai ciwon suga, domin rauninsa ba ya saurin warkewa. In an je asibiti, a fara gaya wa likitan haƙori cewa akwai suga.

Yau idan kun kai wa Inna abinci, ku zauna ku ga abin da ta ci da abin da ta ture. Idan ta ture nama da ganye, kada ku ce ba ta sha'awa. Ku tambaye ta bakinta, ku kai ta a duba shi cikin makon nan.