Garaɓasar Manyan Banki da Buhun Shansherar Manomin Kura



Duk lokacin da bankuna suka fitar da lissafin ƙarshen shekara, sai surutu ya tashi a kan garaɓasar da shugabanninsu ke kwasa. Bayan rugujewar kasuwar kuɗi ta 2008, Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta fara aiki a 2014 cewa garaɓasar babban ma'aikacin banki kada ta wuce albashinsa na shekara, ko ninki biyu idan masu hannun jari sun amince. Ingila ta soke wannan iyaka a watan Oktoban 2023, aka koma gidan jiya. A nan gida ma mun ga namu: a watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya saboda yadda suka yi wasa da ajiyar jama'a.

Fushin jama'a yana da dalili. Da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460, ta wuce 1,500 a farkon 2024. Talaka ya ji a jikinsa, bankunan da ke riƙe da dala kuwa dukiyarsu ta kumbura ba tare da sun yi gumi ba. Zenith da GTCO kowannensu ya bayyana ribar da ta haura naira tiriliyan 1 a 2024. Abin ya yi yawa har majalisa ta amince da harajin kashi 70 cikin 100 a kan ribar canjin kuɗi. Duk da haka, rancen da bankuna ke ba noma bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da suke bayarwa ba, alhali noma ne ke kawo kusan kwata na arzikin ƙasa. Ba gwamnati rance da ruwa mai tsoka ya fi musu sauƙi a kan su bi hanyar Zariya su nemi manomi a Kura.

Ra'ayina shi ne, zagin mai banki ba zai sayi taki ba. Kuma in muka duba da kyau, wanda ya fi cin gumin manomin yankinmu ba ya zaune a Legas. Yana nan kusa, muna gaisawa da shi a kasuwa.

Ruwan Tiga, dam ɗin da aka gina zamanin Audu Bako, ya ba mutanen Kura, Bunkure da Garun Malam abin da yawancin Arewa ba su da shi: noma damina da rani. Amma kowane zagaye yana farawa ne da neman kuɗin iri, taki, magani, huɗa da 'yan ƙwadago. Banki zai nemi takardar fili da mai tsaya maka, gonar gado kuwa ba ta da takarda. Sai manomi ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi a kan zai biya da buhu idan kaka ta yi. Mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. Ka karɓi naira 30,000 a Yuli a kan buhun shanshera ɗaya. Nuwamba ta yi, buhun ya kai 45,000. Ka biya ƙarin kashi 50 cikin wata huɗu, wato kashi 150 a shekara. Bankin da muke zagi, ruwansa mai tsada bai wuce wajen kashi 30 a shekara ba. Mai tumatir ma haka: ranar da kwanduna suka cika Kwanar Gafan, wanda bashi ke binsa ba shi da bakin ciniki, don tumatir ba ya jira.

To ina mafita? Mu fara da inda ba mafita ba ne. Ajiye kuɗi a gida ya ba da darasi a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da mutane suka kwana a layi da tsoffin kuɗi a buhu. Ko babu canji, hauhawar farashi da ta haura kashi 30 a 2024 gara ce mai cin kuɗin ƙarƙashin katifa. Mafi muni su ne masu alƙawarin ninka kuɗi. MMM ta cinye na mutane a 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Wanda ya gudu daga banki ya faɗa hannunsu ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Abu na farko da nake gani shi ne mu raba ajiya da rance, don ba magani ɗaya suke so ba.

Wajen ajiya, tambaya guda ce: idan wurin ya rushe, wa zai biya ni? Tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 ga mai asusu a babban banki, miliyan 2 a ƙaramin banki mai lasisi. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, da wannan tsari aka fara biyan masu ajiya. Wanda ke ƙyamar kuɗin ruwa yana da Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus. Manhajoji irin su OPay da Moniepoint sun rage mana wahalar zuwa birni, kuma mai POS na bakin titi ya ceci mutane da yawa. Sai dai mai POS ɗan kasuwa ne, ba banki ba ne. Kuɗin da ka bar masa ajiya a aljihunsa ba shi da inshora. Ka buɗe asusu da sunanka, lambar sirri kuma ta tsaya a kanka.

Wajen rance kuwa, maganin yana hannunmu tun kaka da kakanni. Matan Kura masu turara shinkafa sun daɗe suna juya jari da adashe, babu ruwa, babu jingina. Raunin adashe biyu ne: amana ce kawai ke riƙe da shi, kuma ranar kwasarka ba lallai ta dace da ranar sayen taki ba. Ƙungiyar gama kai mai rajista tana gyara duka biyun. Manoma ashirin da ke shan ruwa a kanal ɗaya su riƙa zubi lokacin girbi, kuɗin ya zauna a asusu mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Lokacin shuka a sayi taki a dunƙule da farashin sari, a raba, a biya bayan girbi. Wanda ba bashi a wuyansa zai iya riƙe buhunsa wata uku har farashi ya tashi. Ribar da ɗan kasuwa ke ci ta dawo gida.

Wani zai ce ai an sha kafa ƙungiyoyi suna mutuwa. Gaskiya ne, kuma dalilin a bayyane yake. Da yawansu an kafa su ne don karɓar rancen gwamnati, kamar na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, wanda wasu suka ɗauka rabon ganima ne suka ƙi biya. Ƙungiyar da aka gina a kan kuɗin wani, da kuɗin sun ƙare take watsewa. Wadda aka gina a kan zubin mambobinta, kowa idonsa na kan ma'aji.

Ko bashin buhu ma ba sai an kashe shi ba. Shari'a ta san cinikin salam: a biya kuɗi yanzu, a faɗi nau'in kaya, mudu nawa, ranar kawowa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ɗan kasuwar da ya san za a rubuta farashinsa a gaban shaidu zai ji kunyar yankan da yake yi a ɓoye.

Nan ne aikin ya zo kanmu. Takardun banki da Turanci suke, yawancin iyayenmu kuma dangwala yatsa suke yi a kan abin da ba su karanta ba. Mu da muke koyon riƙe alƙalami, wa ya fi mu cancantar rubuta tsarin mulkin ƙungiya da Hausa mai sauƙi, ko takardar yarjejeniyar bashi shafi ɗaya, ko mu riƙe littafin adashen unguwarmu? Labaran soyayya ba za su ƙare ba, amma a wannan makon kowa ya gwada rubuta takardar bashi da manomin Bunkure zai ji a karanta masa sau ɗaya ya gane abin da zai biya da ranar da zai biya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.