Fatsa a Bazara: Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Sanin kowa ne cewa daga watan Maris zuwa Mayu koguna irin su gulbin Rima da kogin Haɗeja sukan janye, har ruwa ya tsaya a gurabe masu zurfi kaɗai. A wannan lokaci kifi yakan taru wuri ɗaya, sai mai fatsa ya zaci sa'a ce kawai ke raba wanda ya cika kwando da wanda ya koma gida hannu rabbana. Alhali kuwa akwai ilimi a cikin al'amarin.

Kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar yadda ɗan Adam yake yi. Zafin ruwa shi ne zafin jikinsa. Idan ruwa ya yi ɗumi, buƙatarsa ta iskar oksijin takan ƙaru, ita kuwa iskar raguwa take yi. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, amma a digiri 30 ba ta wuce 7 da rabi. Bugu da ƙari, gansakuka da sauran tsirran ruwa sukan saki oksijin da rana, su shaƙe ta da dare. Shi ya sa a kan ga kifi yana hamma a saman gurbi da asuba, kuma kifin da ke neman numfashi ba ya kula koto.

Saboda haka mai fatsa mai lura yakan nemi inda ruwa ke ɗan gudana a kan duwatsu, ko inuwar itatuwan gaɓa. Giwan ruwa ba ya jure ƙarancin iska, sai a wuri mai zurfi da motsi. Tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa a saman matsefinta da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka ko a taɓo tana nan daram, kuma da gashin bakinta take laluben abinci bayan faɗuwar rana. Tana ko gara a ƙugiya, a saukar har ƙasa bayan magariba, sun ishe ta. Inda ruwa ya yi garau, dole a rage kaurin zare, a kuma kiyaye kada inuwar mutum ta faɗa kan ruwan.

To, amma akwai inda wayo yake zama ɓarna. Kifin da ya tsira a gurbi lokacin bazara shi ne irin baɗi. Da zarar damina ta kankama kogi ya tumbatsa, tarwaɗa takan bi sabon ruwa zuwa fadama ta zuba dubun-dubatar ƙwai a cikin ciyawa. Wanda ya tare mashigin da taru mai ƙananan idanu, ko gidan sauro, ko ya zuba guba a gurbi, ya cinye na bana ya haɗa da na baɗi. Fatsa ba ta kai waɗannan ɓarna ba, amma ita ma tana fizgo mai ƙwai.

A Ingila, doka ta hana kama yawancin kifayen kogi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, kuma asalin dokar tun 1878 ne. Sai dai kwafo waɗannan ranaku kuskure ne babba. Can ɗumin ruwa da tsawon yini bayan hunturu ne ke sa kifi ya yi ƙwai. A ƙasar Hausa kuwa hauhawar ruwa ce. Hutun da ya dace da Rima shi ne makonnin farko na cikar kogi. Ba baƙon abu ba ne kuma: a Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, al'ada ta hana su a Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma kowa ya ga irin giwan ruwan da ake fitarwa daga wurin.

Mai yiwuwa a ce, masuncin da ba shi da wata sana'a me zai ci? Tambaya ce mai nauyi, kuma duk dokar da ta kauce mata a takarda za ta tsaya. Ba sai an rufe kogi duka ba. Ya isa a keɓe mashigan fadama da wasu gurabe ƙalilan, sarakunan ruwa su sa ranar rufewa da ta buɗewa, domin maganarsu ta fi ta jami'in da ke zuwa daga birni sau ɗaya a shekara shiga kunne.

Makarantun sakandare na bakin kogi suna da rawar takawa a nan. Ma'aunin zafi ɗaya, da sanda mai alamun zurfi, da littafin rubutu sun wadatar. Kowane mako ɗalibai su auna ruwa, su leƙa wurin masu fede kifi su ƙirga tarwaɗa nawa ce cikin goma ke ɗauke da ƙwai. Bayan damina biyu ko uku, malamin kimiyya zai iya miƙa wa Sarkin Ruwa takardar da ta nuna makon da ya kamata a naɗe taru a garinsu.