Idan hotunanka sun tsaya cak a hanyar rumbun intanet, gaggawa ce babbar barazana

Kusan duk mai amfani da babbar waya ya taɓa cin karo da wannan matsala: a buɗe ma'adanar hotuna, a tarar tana nuna cewa saura hotuna ɗari biyu ko uku su hau rumbun intanet, a dawo bayan kwana uku, adadin yana nan inda aka bar shi. Abin da yakan fara zuwa zuciyar mutane shi ne waya ta lalace. A mafi yawan lokuta kuwa lafiyarta ƙalau, wani sharaɗi take jira a cika mata. Asarar hotuna takan faru ne a lokacin da mai wayar ya ƙosa ya shiga taɓe-taɓe.

Sharaɗi na farko shi ne wuri. Kamfanin Apple yana ba kowane asusun iCloud gigabayit 5 ne kawai kyauta. Google kuma yana bayar da gigabayit 15, amma Gmail da Drive da Google Photos duk a cikinsa suke ci. Tun daga 1 ga Yunin 2021 Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, sannan daga farkon 2024 ajiyar saƙonnin WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga cikin wannan lissafi. Wanda ke cikin zaurukan dangi da na makaranta da na siyasa, inda ake turo bidiyo dare da rana, zai iya cika rumbunsa bai sani ba. Da zarar ya cika, hoto ko ɗaya ba zai ƙara hawa ba.

Na biyu shi ne caji. A iPhone, idan batir ya sauko kashi 20 cikin ɗari, wayar takan nemi a kunna tsarin tsimin batir, wanda ke mayar da alamar batirin ruwan ɗorawa, kuma yana dakatar da tura hotuna. A wayoyin Android ma, manhajar tattalin batir takan hana Google Photos aiki muddin ba a buɗe ta ba. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke ba sallama, mutane da dama a wannan tsari wayoyinsu ke wuni su kwana.

Na uku shi ne intanet. An tsara waɗannan manhajoji ne da tunanin mai waya yana da Wi-Fi a gida, yana jona caji kowane dare. A Najeriya da Nijar kuwa yawancin jama'a da datar layin waya suke shiga intanet, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya ƙara matse hannu. Idan an kunna tsarin tsimin data, ko ba a ba manhajar izinin amfani da datar layi ba, za ta yi ta jiran Wi-Fi da ba zai zo ba.

Duk waɗannan ana gano su cikin minti biyar. A iPhone, manhajar hotuna da kanta takan rubuta dalilin da ya sa ta dakata, tare da wurin dannawa don ta ci gaba. A Google Photos kuma, danna hoton asusu da ke sama a hannun dama zai nuna ko wuri ne ya ƙare ko intanet ake jira. Daga nan sai a jona caji, a kashe tsimin batir da na data, a bar manhajar a buɗe ta kwana tana aiki. Idan har yanzu ta ƙi motsi, a kashe wayar a sake kunnawa, a duba ko akwai sabunta manhaja da ake jira.

Inda ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne wajen neman gajeriyar hanya. Wani ya fita daga asusunsa, wani ya goge hotuna don samar da wuri, wani ya nufi kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano ya ce a yi mata filashin. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan, domin hoton da bai riga ya hau ba, a wayar kaɗai yake, idan aka wanke ta ya tafi har abada. Haka kuma iCloud madubi ne na abin da ke cikin waya: hoton da aka goge a nan, an goge shi a can, sai dai yakan zauna kwana 30 a kwandon shara kafin ya ɓace gaba ɗaya.

Kamfanonin ma suna da nasu laifin. Bai dace bayanin da ya shafi hotunan sunan ɗa, ko na mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya, ya zama 'yan ƙananan haruffa da sai an lalubo su ba. Amma kafin su gyara, nauyin yana kan mai waya. Masu gyaran waya su ma ya kamata su riƙa tambaya ko an kwashe hotuna kafin su taɓa komai.

Don haka kafin a goge, ko a fita daga asusu, ko a miƙa waya ga mai gyara, a fara kwafe hotunan zuwa kwamfuta ko memori. Wanda ya yi haka, ko rumbun intanet ya yi wata guda yana tsaye, babu abin da zai rasa.