Waiwaye: Kibiyar linzami da rigimar gidaje uku

Bayit 68 kacal kibiyar linzami take ci a ƙwaƙwalwar Macintosh ta 1984. Bayit 32 na zanen ne, wasu 32 na marufin da ke nuna inda zanen zai fito da inda za a bar allo yadda yake, sauran 4 kuma lambobi biyu ne da ke faɗin wane ɗigo ne yake aiki idan an danna. Shi ke nan. Amma wannan 'yar aba ta shafe shekara 40 tana ba masu rubuta manhaja ciwon kai, musamman waɗanda suka ɗauri aniyar rubuta manhaja guda da za ta yi aiki a Windows da Mac da Linux ba tare da an sake ta ba.

Asalinta sananne ne. Ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Francisco na Amurka, Douglas Engelbart ya zauna gaban taron masana kimanin 1,000 yana tura wani ɗan akwati kusa da madannai, wani ɗan baƙin abu kuma yana bin motsin hannunsa a allo. Shi da mutanensa ƙwaro suke ce wa abin. A 1973 kamfanin Xerox ya ƙera kwamfutar Alto a cibiyar bincikensa da ke Palo Alto, ya ware wa manunin fili mai ɗigo 16 a tsaye, 16 a kwance. Daga wannan gidan kibiyar ta fito a karkace. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne, a allon da ɗigoginsa manya ne, layin da ya miƙe tsaye da wanda ya kwanta digiri 45 su suke fitowa sumul, saura duk sai su yi haƙora. Allunan yau sun wuce wannan matsalar tuntuni, kibiyar kuwa tana nan a karkace.

Rigimar ta fara ne da gidaje uku suka tashi kusan lokaci ɗaya, kowa da tsarinsa. Apple ya fito da Macintosh a 1984, da baƙar kibiya mai farin gefe, da ɗan agogon hannu da Susan Kare ta zana don nuna a dakata. Microsoft ya biyo da Windows a 1985, inda aka saba da farar kibiya mai baƙin gefe, da kwalbar yashi, da fili mai ɗigo 32 sau 32. Can a jami'ar MIT kuma aka faro tsarin X a 1984, wanda bugunsa na 11 ya fito a 1987 ya zama gatan kwamfutocin Unix, daga baya Linux ta gaje shi.

Na X ɗin ya fi ba ni dariya. Maimakon hotuna, sai suka zuba manunan nasu cikin jerin haruffa, siffa 77 cur. A ciki akwai kibiyoyi da agogo da giciye kamar yadda hankali zai ɗauka, amma har da kofin gahawa, da laima, da jirgin ruwa mai tanti, da gizo-gizo, da zuciya, da ƙoƙon kai mai ƙasusuwa biyu. Da John Ousterhout ya fitar da Tk, kayan aikin gina tagogin manhaja, a farkon shekarun 1990, sunayen nan ya ɗauka, kuma da aka kai Tk gidan Windows da Mac aka tafi da su. Ɗalibin da ke koyon Python yau da tkinter, wadda a kan Tk ɗin aka gina ta, in ya so, zai iya mayar da kibiyarsa kofin gahawa da layi ɗaya.

To, mai manhaja da ke son sayar wa gidajen nan uku fa? Da farko sau uku yake rubutawa. Sai aka samu masu shiga tsakani. Julian Smart ya faro wxWindows a jami'ar Edinburgh a 1992, wadda ta koma wxWidgets a 2004 bayan Microsoft ya yi ƙorafi a kan sunan. Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng na ƙasar Norway suka fitar da Qt a 1995, shekarar da kamfanin Sun ya fito da Java. GTK ta fito daga cikin manhajar zane ta GIMP, SDL ta Sam Lantinga kuma ta kama hanyar wasanni a 1998. Alkawarinsu iri ɗaya ne: kai dai rubuta sau ɗaya, mu za mu yi maka tafinta a kowane gida. A maɓallai da tagogi da jerin zaɓi sun cika alkawari gwargwado. A kan kibiya ne asiri ya riƙa tonuwa.

Bari mu matso kusa mu ga dalili. Manuni mara launi shafi biyu ne, zane da marufi, kowane ɗigo kuma ko 0 ko 1. Wato haɗi huɗu ke nan. Uku daga ciki ba gardama: baƙi, fari, da wanda ake ganin abin da ke ƙarƙashi. Na huɗun shi ne ƙarfen ƙafa. A Windows yana nufin a juya launin da ke ƙarƙashin ɗigon, in fari ne ya koma baƙi, in baƙi ne ya koma fari. Da wannan dabarar ce 'yar sandar nan ta rubutu take fitowa baƙa a farar takarda, ta koma fara da zarar ta hau baƙin wuri. Tsarin X na asali bai san wannan ba, launi biyu kawai ya sani da rami. Saboda haka littafin jagorar Qt ya faɗa ƙarara cewa haɗin na huɗu a Windows kaɗai aka san sakamakonsa, na SDL kuma ya ce za a juya launin in zai yiwu, in ba haka ba baƙi za a sa. Mai manhajar zane da ya ƙera siririn giciye a Windows, ya gwada ya ga ya yi kyau a kowane hoto, sai abokin ciniki mai Linux ya buɗe hoton da aka ɗauka da dare, giciyen ya ɓace ɓat.

Ba a nan ta tsaya ba. Fayil ɗin XBM na gidan X yana jera ɗigogi takwas na kowane bayit ne daga ƙaramin bit zuwa babba, Windows kuma daga babba take farawa. In ka kwashi lambobin kai tsaye daga wannan gida zuwa wancan, kowane rukunin ɗigo takwas sai ya juya baya, kibiyarka ta fito a yayyanke. Wanda bai san wannan ba zai kwana yana zargin zanensa, alhali zanen lafiyarsa ƙalau.

Sai batun tsini, wato ɗigon nan guda da ke yin aiki. Mutum yana ganin kibiya sukutum, kwamfuta kuwa ɗigo ɗaya take kallo. Fayil ɗin manuni na Windows kusan tagwaye ne da na tambarin manhaja, bambancin shi ne yana ɗauke da lambobin tsinin a jikinsa. Hoton PNG ba shi da gurbin wannan. Wanda ya loda PNG ya manta bai faɗi inda tsinin yake ba, abin da zai samu ya danganta da kayan aikinsa: Qt za ta sa shi a tsakiyar hoton, burauza kuma a kusurwar sama ta hagu. Mai amfani da manhajar ba zai ce tsini ya goce ba. Cewa zai yi linzaminsa ya lalace, ko hannunsa ne yake rawa, ya danna nan abu ya faru can. Java ma da ta ba da damar ƙera manuni a bugunta na 1998, sai da ta haɗa da wata ƙofa ta tambayar babbar manhaja, wato irin su Windows, girman da za ta karɓa, domin in hotonka bai yi daidai ba, miƙe shi za a yi.

Ko manunan da kowa ya ɗauka ruwan dare ne, ba kowane gida ke da su ba. Kibiya mai kai biyu a karkace, wadda ake jan kusurwar taga da ita, ta yi shekaru a Mac ba a buɗe ƙofarta ga masu manhaja ba, har masu GLFW, wata mai shiga tsakani irin waɗancan, suka rubuta gargaɗi cewa ta ɓoyayyar hanya suke samo ta, kuma tana iya daina aiki. Alamar jira ma ma'anarta ta bambanta. A Windows manhaja ce da kanta take ɗaga kwalbar yashi, ko zoben da ya maye gurbinta tun Vista, tana cewa ina aiki, a yi haƙuri. Ƙwallon nan mai launuka da ke juyawa a Mac kuwa babbar manhaja ce take fito da shi, tana shaida maka cewa manhajar ta daina amsa kira. Ɗaya neman uzuri ne, ɗaya kai ƙara.

A kan alamar jiran nan akwai kuskuren da kusan kowane sabon hannu sai ya taka. A Qt, duk lokacin da ka ɗora manunin jira a kan manhaja baki ɗaya, jibge shi ake yi a kan na baya, kuma dole sau nawa ka ɗora, sau nawa ka sauke. Ka ɗora, ka shiga karanta fayil, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, aikin ya fice ta ƙofar kuskure bai bi ta layin saukewa ba. An gama komai, amma zobe na ta juyawa, mutum ya naɗe hannu yana jiran abin da ba ya zuwa. Maganin da wxWidgets ta kawo, wxBusyCursor, ya burge ni don sauƙinsa: abu ne da haihuwarsa ke ɗora alamar, mutuwarsa ke sauke ta, ko ta wace ƙofa aka fita.

Da intanet ta shigo, kibiya ta zama abin ado. Waɗanda suka zauna a shagunan intanet a farkon shekarun 2000 za su tuna shafukan da kibiya ke jan jelar taurari ko ta rikiɗe ta zama fure. Ƙa'idar CSS ta 1998 ta zo da jerin sunayen manuni, ko da yake tsofaffin bugun Internet Explorer kalmar hand suka sani a inda ƙa'ida ta ce pointer, dole masu shafi su rubuta duka biyun. Adon bai zo a banza ba. A ƙarshen 1999 aka gano cewa Comet Cursor, wata manhajar sauya kibiya da miliyoyin mutane suka sauke, tana aika wa kamfaninta lambar shaida ta kowace kwamfuta idan an shiga shafukan da ke amfani da ita. Mafi muni ya zo a 2007. Fayil ɗin manuni mai motsi na Windows yana da wani sashe da ke faɗin girmansa, kuma a Janairun 2005 Microsoft ya riga ya toshe wata ɓaraka a wurin. Ashe sashen farko kaɗai gyaran yake dubawa. Alexander Sotirov ya gano cewa in aka saka sashe na biyu mai ƙaryar girma, ba mai tare shi. Shiga shafi kawai ya isa a ƙwace kwamfutar mutum, har da Vista da ba ta daɗe da fitowa ba. Microsoft bai iya jiran ranar da ya saba fitar da gyara ba, ya sake shi ranar 3 ga Afrilu, mako guda kafin lokaci. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A 2018 kuma 'yan damfara masu shigar ma'aikatan gyara suka riƙa amfani da manuni mai ɗigo 128 sau 128, a zana kibiyar a wata kusurwa, tsinin yana wata, mutum ya yi ta danna maɓallin rufe shafi a banza. A shekarar da ta biyo baya burauzar Chrome ta hana manunin da ya wuce 32 sau 32 hawa kan maɓallanta.

Abin da na tsinta a wannan tarihin shi ne, kusan duk wahalar ta faɗa ne a kan wanda ya ce shi zai zana, ta tsallake wanda ya tsaya a faɗin abin da yake nufi. In ka ce wa babbar manhaja nan wurin rubutu ne, nan wurin ja ne, nan a dakata, ita ta san siffar da mutanenta suka saba gani, da girman da ya dace da allon, da abin da mai kwamfutar ya zaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattijon da ganinsa ya yi rauni ya shiga saitin Windows 10, wanda tun 2019 yake bari a ƙara girman kibiya a sauya mata launi, ya mai da tasa ƙatuwa ruwan ɗorawa. Ya buɗe manhajarka, sai ka sauya masa ita da wata 'yar ficiciya da ka zana don ta dace da tambarin kamfaninka. Wannan ba gwaninta ba ce, shisshigi ne. Tun da alluna masu ninkin ɗigo suka yawaita bayan MacBook mai Retina na 2012, hoton 32 sau 32 ko dai ya ƙanƙance ko ya yi dishi-dishi, na gida kuwa bai san an yi ba.

Mutanen Linux sun biya kuɗin wannan karatun da tsada. Keith Packard ya kawo wa X manuni mai cikakken launi da inuwa a farkon shekarun 2000. Amma da Kristian Høgsberg ya faro Wayland a 2008 don maye gurbin X, sai aka ɗora wa kowace manhaja nauyin lodo hoton kibiyarta ta miƙa. An gudu ba a tsira ba: ka ja linzami daga wannan taga zuwa waccan, kibiya ta kumbura, ta motse, ta sauya kama, domin kowace manhaja da yadda ta karanta saitin. Sai a 2023 aka amince da wata ƙa'ida da ke bari manhaja ta ambaci sunan siffar kawai, tsarin ya zana da kansa. Sunayen kuma daga jerin CSS aka ɗebo su.

Ban ce kada a taɓa ƙera manuni ba. Manhajar gyaran hoto tana buƙatar da'irar da ke nuna faɗin burushi, mai zanen gini yana buƙatar giciyensa, wasa ma yana da hujjarsa. In aikinka ya kai can, ka zana shi da girma fiye da ɗaya, ka yi masa gefe mai launin da ya saɓa wa cikinsa don kada ya ɓace a fari ko a baƙi, ka faɗi tsininsa da bakinka, ka ajiye na gida a matsayin madadi in naka ya ƙi loduwa. Sannan kada ka yarda da abin da ka gani a kwamfutarka kaɗai. Ka ari ta abokinka mai Mac, ka kunna Linux, ka ƙara girman kibiya a saiti, ka ja ta a kan baƙin hoto kafin ka miƙa wa jama'a.