Masu noman inabi ba feshi barkatai sun cancanci a saurare su

Giya haramun ce ga Musulmi, kuma babu takardar da za a manna a jikin kwalba ta sauya wannan hukunci. Amma rigimar da ake yi a Faransa kan ƙananan manoman inabi masu yin abin da suke kira giyar gargajiya marar haɗi, rigimar gona ce tun kafin ta kai ga kwalba, shi ya sa ta shafi duk mai riƙe da fartanya. Gonakin inabi ba su wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na ƙasar noman Faransa ba, amma an daɗe ana ƙiyasta cewa suna lashe kusan kashi 20 na magungunan feshin da ake zubawa a ƙasar. Ra'ayina shi ne waɗannan manoma sun yi wa aikin gona hidima, domin sun nuna da gonakinsu cewa yawancin feshin nan al'ada ce kawai, kuma ma'aunin da ya dace a auna su da shi shi ne lafiyar ɗan ƙwadago da ta maƙwabci.

Tafiyar ta yi ƙarfi ne a yankin Beaujolais wajejen 1980, lokacin da Marcel Lapierre na Morgon da wasu abokansa suka bi shawarar Jules Chauvet, masanin haɗa sinadarai. Suka daina fesa maganin ciyawa, suka koma huɗa tsakanin layuka, suna tsinke inabi da hannu. Shekaru aka yi ana yi musu kallon masu taurin kai, sai a 2020 hukumomin Faransa suka amince da wani tambari na musamman ga irin kayansu. Kafin nan kuwa gaskiya ta riga ta yi halinta. A 2012 gwamnatin ƙasar ta amince cewa cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, tana cikin cututtukan da manomi ke ɗauka a bakin aiki saboda feshi. A watan Mayun 2014 ɗalibai fiye da 20 da malamarsu a ƙauyen Villeneuve, kusa da Bordo, suka kamu da ciwon kai da ƙaiƙayin ido da tashin zuciya bayan an yi feshi a gonakin da ke jikin makarantarsu.

Masu suka suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Ɗaya daga cikin gonaki biyun da aka tuhuma a Villeneuve ta masu noma ba sinadarin masana'anta ce. Su ma suna feshi, da farar wuta da kuma ruwan jan ƙarfe da farar ƙasa, haɗin da Alexis Millardet ya yaɗa tun 1885 don yaƙar funfunar da ta shigo daga Amurka. Haɗin yana zama ne a bayan ganye, ya bar shi shuɗi-shuɗi, ruwan sama mai ƙarfi ɗaya ya wanke shi, a sake tayar da tarakta. Jan ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa: taruwa yake yi a ƙasa yana kashe tana, har Tarayyar Turai ta ƙayyade shi zuwa kilo 28 a kowace hekta cikin shekara 7 tun daga 2019. Wannan suka ta rushe iƙirarin tsarki, amma ba ta rushe batun rage feshi ba. Ta ma nuna inda mafita take. A 2018 cibiyar binciken noma ta Faransa ta fitar da irin inabi huɗu masu jure funfuna, Artaban da Vidoc da Floreal da Voltis, waɗanda feshi biyu ko uku ke isar su a shekara. Duk mai kiran kansa abokin ƙasa da ya ƙi irin nan don kawai ba shi kakanninsa suka shuka ba, to gado yake karewa, lafiyar ma'aikacinsa ta zo daga baya.

Suka ta biyu ita ce haƙƙin maƙwabci, don cuta ba ta san iyakar gona ba. A 2013 Emmanuel Giboulot, manomi a Burgundy, ya ƙi bin umarnin hukuma na fesa maganin wani ƙwaro mai yaɗa cutar da ke kashe kuringar inabi. Kotu ta ci shi tarar Yuro 1,000 a 2014, rabi a jingine, kotun ɗaukaka ƙara ta Dijon ta soke hukuncin a ƙarshen shekarar. Ba na ganin kowane manomi yana da 'yancin yin gaban kansa idan annoba ta ɓarke. Sai dai tambayar da ya tayar tana nan daram: me ya sa za a fesa wa lardi guda guba kafin a zagaya a ga inda cutar take? Masu kawo misalin Siri Lanka, wadda ta hana takin zamani dare ɗaya a 2021 har noman shinkafa ya faɗi, suna magana ne kan dokar dole daga sama, alhali na Beaujolais sun sauya ne gona bayan gona, da kuɗin aljihunsu.

Gaskiya ne masu hannu da shuni ne ke sayen kayansu da tsada, kuma tsadar ce ke rufe asarar shekarar da funfuna ta yi ɓarna. Manomin inabi na Kudan a jihar Kaduna ba shi da irin wannan kasuwa. Amma nasa inabin ɗanye ake ci, da ɓawonsa, yara ma na ci, don haka kwana nawa aka bari tsakanin feshi da tsinka ya fi muhimmanci a wurinsa. Tun 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari, kuma waken da ba a fitar ba, mu muka ci shi a gida.